Kwalaben da Na Ɗauraye Sau Biyu

Assalamu alaikum, masu karatu. Duk saƙonnin taya murna da kuka turo min tun makon jiya na gan su, amma ko ɗaya ban amsa ba. Ba wulaƙanci ba ne, kunya ce. Yau zan faɗa muku abin da ya ɗaure min baki, wanda zai zage ni kuma ya zaga, ba zan ce ya zalunce ni ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, shekarata ashirin da huɗu, a aji shida na firamare karatuna ya tsaya. Aikina wankin kwalabe ne a ɗakin bincike na wani babban asibiti, hawa na uku, ƙofar ƙarshe a hannun hagu. Malama Shiru ake ce min a wurin, don sai in wuni ban yi magana goma ba. Idan namiji ya gaishe ni, yatsun ƙafata nake amsa wa.

Shi kuwa Dakta Gobe ake kiransa. Shekara huɗu ke nan yana karatun zama dakta, duk wanda ya tambaye shi yaushe zai gama sai ya ce, "Gobe-goben nan in sha Allahu," har sunan ya bi shi. Dogo ne siriri, gilashinsa kullum a karkace, aljihun farar rigarsa kuma duk tabon biro. Ni Malam nake ce masa.

Wata biyar da suka wuce ina goge teburin da ke gefen kwamfutarsa, idona ya sauka kan wani hoto. Baƙin fili ne cike da koren zare mai walƙiya, kamar an watsa raga cikin duhu. Na tsaya da tsumma a hannu kamar an dasa ni.

"Kin san mene ne?" ya ce.

Na girgiza kai.

"Cikinki ne. Cikina ne. Jawo kujera."

Ban jawo ba, amma ban tafi ba.

"Kin ga jijiyar jini, kamar tiyo take. To cikin tiyon akwai wata shimfiɗa da ta fi ɓawon albasa siranta. Ƙwayoyin halitta ne a jere, kowace ta riƙe maƙwabciyarta. Su ne masu gadin ƙofa, su bar abinci ya fita zuwa nama, su hana ruwan jini tsiyayewa. Kuma kowace ƙwaya tana da nata ƙwarangwal."

"Ƙashi?" na ce, kafin in kama bakina.

"Ikon Allah, ashe tana magana!" Ya yi dariya har gilashin ya ƙara karkacewa. "Ba ƙashi ba, zare ne. Shi ne koren nan. Idan zaren ya zagaye bakin ƙwayar, to ta zauna lafiya, ta riƙe 'yar'uwarta gam. Idan kuwa ya ratsa ta tsakiya ya ɗaure tamau, sai ƙwayar ta yi tauri, ta takure, ta saki hannun maƙwabciyarta. Shi ke nan kafa ta samu, ruwa ya fara yoyo cikin nama."

"Kamar kalmasa," na ce a hankali. Yayata tela ce, a gindin kekenta na girma. "In zaren keke ya yi ja da yawa, yadin tattarewa yake, ɗinkin ya buɗe."

Ya ajiye biron hannunsa ya kalle ni, irin kallon da ya sa na ji kunnuwana sun yi zafi.

"Shekara huɗu ina neman yadda zan faɗa wa mahaifiyata abin da nake yi a nan. Kin faɗe shi a numfashi ɗaya."

Ranar na gaya masa ciwon Baba, sukarin da ya daɗe yana fama da shi, da ƙafafunsa da ke kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Bai yi min ƙarya ba. Ya ce kumburi yana da dalilai da yawa, ba zai ce wannan ne kaɗai ba. Amma tsufa da sukari sukan sa bangon jijiya ya yi tauri, su kuma ƙwayoyin nan in suka ji ƙasan da suke kai ya yi tauri, sai su ƙara jan zarensu. Shi aikinsa, yana gwada wani magani ne da yake fatan zai sassauta zaren.

Daga nan abu ya fara. Gaisuwa ta ƙara tsawo. Ya karɓi lambata wai don in ya manta makulli. Makullin bai taɓa ɓata ba, amma kullum da azahar sai saƙo ya shigo: "Malama Shiru, kin ci abinci ko kwalabe kika ci?"

Bari in gaya muku yadda gwajin yake, don ku gane girman abin da na yi. Yana rainon ƙwayoyin a kan wata 'yar rariya cikin ƙananan kofuna, a akwatin ɗumi. Abincinsu wani ruwa ne mai launin hoda, a kwalabe yake haɗa shi. Kwalabe shida masu jan salatif, su ne masu magani a ciki. Shida masu shuɗin salatif, babu magani, su ne ma'auni. In ƙwayoyin sun haɗe sun rufe rariyar, sai ya zuba rini a sama ya auna yawan da ya tsiyaye ƙasa. In na ja sun fi na shuɗi riƙe rinin, magani ya yi aiki.

Kwalaben nan ni ke wanke su. Madam, shugabar ma'aikatan ɗakin, ita ta koya min tun ranar farko, tana tsaye a kaina tana ƙirgawa da ƙarfi. Sabulunsu na musamman ne, ba shi da ƙamshi, a farar jarka yake zuwa. Ɗauraya goma da ruwan famfo, uku da tataccen ruwa. Ba ta ce min don me ba, ni kuma ban tambaya ba. Na ɗauka tsabar iyayi ne irin na masu boko.

Wata Litinin, mako bakwai da suka wuce, na gama wanke masu jan salatif ke nan sabulun jarkar ya ƙare ƙaf. Na leƙa sito, a rufe, mai makullin ta tafi taro. Ina tsaye ina tunani wayata ta yi ƙara. Yaya ce.

"Ki taho yanzu, Baba ya zame a banɗaki, mun kasa ɗaga shi."

Na dubi kwalabe shida masu shuɗi a jiƙe cikin sinki. Malam ya ce da sassafe zai haɗa abincin. Na ruga lungun da muke dafa shayi, na ɗauko sabulun wanke kofuna, koren nan mai ƙamshin lemun tsami, na tsiyaya, na cuccuɗa da burushi. Na ɗauraye sau ɗaya, sau biyu, na ɗaga su sama na ga sun yi ƙal, babu kumfa. Na kifa su a na'urar busarwa, na figi mayafina.

Baba bai karye ba, ƙugu ne ya bugu. Ni kuma, wallahi tallahi, na manta da kwalaben kamar ba a yi ba.

Bayan wata guda na shigo da safe na tarar da Dakta Gobe yana zagaye ɗakin kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Safar hannu ɗaya a hannu, ɗaya a ƙasa.

"Zo ki gani! Zo, zo!"

Hotuna biyu ne a jere. Na ja, zaren ya zagaye kowace ƙwaya tsaf, kamar ɗinkin gwani. Na shuɗi kuwa duk a yayyage, kafa ta ko'ina, rinin ya wuce kamar ruwa a kwando.

"Rabi! Maganin ya rage yoyon da rabi! Sau uku na maimaita, sau uku abu ɗaya. Farfesa mai duba aikina ya ce in rubuta, ya ce in wannan ya tabbata akwai gurbin koyarwa da ke jirana." Ya tsaya, ya gyara gilashi, muryarsa ta sauka. "Dama abin da nake jira ke nan. Ba zan je gaban Babanki hannu rabbana ba. Kin yarda in turo su Kawu?"

Yatsun ƙafata na amsa wa, amma ya ji.

Ku zo ku ga gidanmu! Umma ta yi sujada a tsakar ɗaki. Ku da kuka daɗe kuna bina kun san irin gorin da take sha. 'Ya'yan ƙannenta uku da na girma duk sun yi aure, Gwaggo yayar Baba kuma duk zuwanta sai ta ce, "Wannan shirun naki, ko mai neman ya zo ai sai ya ɗauka gidan babu kowa." Yanzu Umma ce ta kira Gwaggo da kanta, ta sa wayar a sifika.

"Gwaggo, kina zaune? To gyara zama. Dakta ne. E, dakta. Magani ya gano."

Aka sauke tsofaffin labulaye aka sa sababbi masu ruwan zuma. Aka ɗaga kujeru aka canja ledar ƙasa, aka goge fanka har fukafukanta suka dawo fari, ashe dama farare ne. Aka tsayar da Asabar, wato gobe, su Kawunsa za su zo.

To, kwana goma sha ɗaya da suka wuce, ina share bayan firji, Farfesa ya shigo. Dattijo ne mai sanyin magana, amma in ya yi tambaya sai ka ji kamar ya taka maka ƙafa. Ya daɗe yana duban hotunan.

"Maganinka ya yi kyau. Amma ma'auninka ne ke damuna, sun cika yagewa. Ka tabbata kwalabenka tsaf suke? Ragowar sabulu kaɗan ta isa ta wargaza ƙwayoyin nan, su saki juna ko babu ciwon komai."

"Ranka ya daɗe, ai wannan ita ke wanke min," Malam ya nuna ni da haɓa yana murmushi. "Ko ido a rufe na yarda da ita. Madam ma ba ta kai ta ƙirga ba."

Tsintsiyar ta kusa suɓuce min. Ƙamshin lemun tsami ya dawo min har cikin hanci.

Da Farfesa ya fita na daure na ce, "Malam, abincin ƙwayoyin nan, yaushe ka haɗa shi?"

Ya ji daɗin tambayar, bawan Allah. Ya buɗe babban littafinsa ya nuna min da yatsa. "Ga shi, Talata, washegarin da Babanki ya faɗi. Da yawa na haɗa, shi ya ishe ni duk gwaje-gwajen uku. Kin fara zama 'yar bincike ke nan?"

Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji kukana.

Kun gane ko? Mai yiwuwa maganinsa bai gyara komai ba. Ni ce na lalata na shuɗi, sai na ja suka zama kamar gwanaye. Kamar ka tsaya kusa da gurgu ne a ce ka iya gudu. Kuma a kan wannan ne aka ɗora gurbin koyarwa, aka ɗora su Kawu, aka ɗora sujadar Umma.

Kwana uku ina ɗauke da shi ni kaɗai, a na huɗu na je shagon Yaya. Tana ɗinka min doguwar rigar Asabar, ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya. Ta tsayar da ni gaban madubi, allurai a bakinta, tana kama min ƙugu.

"Kin rame. Jiya-jiya na auna ki. Soyayyar ce haka?"

Na gaya mata komai, ina kallon madubi don ba zan iya kallonta ba. Ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya ta soke su a hannun rigarta. Ta je ta turo ƙofar shagon.

"Wa ya gan ki?"

"Babu."

"Wa kika faɗa wa?"

"Ke."

"To ni ban ji ba. Ɗaga hannu."

"Yaya, aikinsa na shekara huɗu ne fa."

"Ke kuma rayuwarki ce. Ke likita ce? Kin tabbata sabulun ne? Wataƙila maganin na yi, ke ce kike ɗora wa kanki. Sabulu ai sabulu ne, da shi muke wanke kofin da muke shan shayi, waye cikinsa ya yage?"

"Farfesa ya ce..."

"Farfesa zai aure ki? Ki saurare ni da kyau, ƙanwata. Ciki ba don abinci kawai aka yi shi ba. Shekara ashirin da huɗu ana roƙonki ki yi magana kin ƙi, sai yau da shirun zai yi miki rana za ki buɗe baki? Ki bari a yi auren. In kin haifa masa biyu, wata rana kuna raha sai ki faɗa, ku yi dariya."

"In kuma wani ya gano kafin nan?"

"Sai ki ce ba ki tuna ba. Ki tuna Umma. Kina so Gwaggo ta samu abin faɗa har ta mutu? Juya in ga bayan."

Na juya. Kada ku ga laifinta, Yaya sona take yi. Ni ce na ji daɗin shawarar, don abin da nake so in ji ke nan.

Haka na yi ta zuwa aiki. Na koma ɗauraye kowace kwalba sau ashirin, har yatsuna suka yi fari suka tattare, kamar hakan zai koma baya ya wanke waɗancan. Madam ta ce, "Ke Shiru, ruwan asibitin za ki ƙarar?" Shi kuwa kullum cikin fara'a. Ya sayi sabon gilashi. Ya aske gemu. Saƙonninsa suka ƙaru.

"Mahaifiyata ta ce in tambaye ki wane launi kika fi so."

"Kowanne."

"Kowanne ba launi ba ne, Malama."

Sau nawa na rubuta, "Malam akwai maganar da nake so mu yi," in zauna ina kallonta, in goge, in tura masa, "Allah ya kai mu." Ban ƙirga ba.

Ran Laraba da la'asar na dawo na tarar da Baba a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ya miƙe ƙafafu kan matashi. Na durƙusa ina shafa masa mai kamar kullum. Ya danna babban yatsansa a ƙwaurinsa, ya ɗaga. Ramin ya zauna, bai taso ba. Muka zuba masa ido ni da shi.

"Uwata," haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni, "ki ce wa yaron nan ya yi sauri da maganinsa. Na gaya wa mutanen masallaci, duk masu irin ƙafata sun ce a sa su a layi."

"Baba, ai da saura. Ya ce sai an yi shekaru ana gwaji."

"To ai an kama hanya. Dā babu, yanzu akwai." Ya dafa kaina. "Kuma da hannunki a ciki. Wa ya ce ƙaramin aiki ne wanke kwalba?"

Na sunkuyar da kai na ci gaba da shafa masa man.

Jiya Alhamis na isa da wuri. Ɗakin babu kowa sai shi, na'urar buga takardu tana ta aman shafuka. Ya sa riga mai ruwan sararin sama, a goge, ƙarƙashin farar. Ƙarfe goma zai kai wa Farfesa rubutun ya sa hannu a aika.

"Tsaya, kada ki sa safa tukuna. Akwai shafin da nake so ki ji." Ya san Turancina bai taka kara ya karya ba, sai ya riƙa karantawa yana mayar min da Hausa. Godiya ga Farfesa, godiya ga mahaifiyarsa, ga Madam. Sai ya yi gyaran murya. "Da kuma wadda ta wanke kowace kwalba ta wannan aiki da amana. Ba don hannunta ba, da babu lamba ɗaya a nan da za a yarda da ita."

Ya ɗago yana jiran in sunkuyar da kai in yi murmushi.

"Sau biyu na ɗauraye su," na ce.

"Na'am?"

"Masu shuɗin. Ranar da Baba ya faɗi. Sabulun jarka ya ƙare, na sa na kofuna, mai lemun tsami. Sau biyu na ɗauraye, da ruwan famfo. Ban sa tataccen ba."

Ban taɓa jin tsawon magana irin wannan ta fito daga bakina ba. Na'urar ta tura shafi na ƙarshe ta yi shiru. Ya ajiye takardar a hankali, ya jawo littafinsa, ya buɗe, ya bi kwanakin da yatsa. Ya daɗe a kan layi ɗaya.

"Masu jan fa?"

"Su na riga na wanke da na jarka. Goma da uku."

"Duka shidan masu shuɗi?"

"Duka."

Ya cire sabon gilashin ya murza idanunsa. Na so ya yi ihu, wallahi na so. Na so ya jefe ni da littafin.

"Yaushe kika tuna?"

Nan ne na so in bi maganar Yaya in ce jiya. Harshena har ya ɗauko ta.

"Ranar da Farfesa ya tambaye ka."

Na ga leɓɓansa suna motsi, yana ƙirga kwanakin. Ya tattara shafukan nan masu ɗumi ya zuba su a durowa ya rufe, ya ɗauki littafin kaɗai ya nufi ofishin Farfesa. Awa ɗaya da rabi yana ciki. Da ya fito bai biyo ta wurin sinki ba. Azahar ta yi, wayata ba ta yi ƙara ba.

A gida na ce kaina ke ciwo. Umma ta ce na amare ne, ta jiƙa min tsumma. Wajen magariba saƙonsa ya shigo, babu Malama, babu Shiru.

"Gobe ƙarfe takwas. Kada ki taɓa sabulun kofunan, ina son shi yadda yake."

Yau da safe na same shi tsaye a bakin sinki. Kwalabe goma sha biyu sababbi a jere, babu salatif a jikinsu, ga farar jarka a cike, ga koren sabulun a gefe. Idanunsa sun yi ja, rigar jiya ce a jikinsa.

"Shida za ki wanke yadda Madam ta koya miki. Shida kuma yadda kika yi ranar. Daidai yadda kika yi, kada ki gyara komai. Duka babu magani zan zuba. In na sabulun kofi suka yage, sauran suka zauna lafiya, mun san gaskiya."

Na wanke shidan farko, goma da uku. Sannan na ɗauki koren.

"Haka yawansa yake?"

"Ya fi haka kaɗan."

"Ƙara."

Na ƙara. Ƙamshin ya cika min ido da hawaye. Na cuccuɗa, na tara a famfo.

"Ɗaya," ya ce. Na zubar, na sake tarawa. "Biyu. Tsaya."

Hannuna ya ƙi tsayawa, ya koma famfon da kansa. Malam ya miƙo hannu ya kashe ruwan.

"Na ce tsaya."

Sau shida muka yi haka. Ban taɓa sanin akwai hukuncin da ya kai a sa ka maimaita laifinka a gaban wanda ka yi wa, yana ƙirga maka ba. Da muka gama ya jera su a tire, ya liƙa wa kowace lamba.

"Farfesa ya tambayi wanda ya wanke?" na ce, muryata kamar ta sauro.

"Ya sani ai. Ya ce laifina ya fi naki, kuma gaskiya ya faɗa. Sau uku na maimaita gwaji daga abinci ɗaya, don amsar ta yi min daɗi ban so in taɓa ta. Ya ja kunnena a gabanki, na kare da sunanki maimakon in duba. Babu mai korarki, in shi ne damuwarki."

"Ba shi ba ne."

Ya ci gaba da gyara kwalaben a tire.

"Su Kawu fa?" Ban san inda na samo ƙarfin ba.

"Na kira su jiya. Na ce su dakata."

"Saboda sabulun."

"A'a." Sai a lokacin ya kalle ni sosai. "Sabulu kuskure ne. Babanki na ƙasa, kowa zai iya yin haka. Da ranar da kika tuna kika faɗa min, da na yi baƙin ciki na kwana biyu, in sake haɗa abinci, shi ke nan. Amma kwana goma kina kallona ina dariya, ina sayen gilashi, ina tambayarki launi. Na ɗauka shirunki kunya ce kawai. Yanzu in kika yi shiru ban san me ke ciki ba."

"Na faɗa ai," na ce, hawaye na shiga min baki.

"Kin faɗa. Saura awa biyu in kai ƙarya a sa mata hannu, kika faɗa. Shi ma ina sane da shi, shi ya sa na ce su dakata, ban ce su fasa ba." Ya ɗauki tiren. "Ƙwayoyin suna son kwana tara kafin su haɗe. Ni ban san kwana nawa nake so ba."

Ya tura ƙofar ɗakin rainon da kafaɗa ya shige.

Yanzu haka a kan matakalar bayan asibitin nake zaune nake rubuta muku wannan, a lokacin cin abinci. Umma ta turo min saƙon murya tun ɗazu. Wai in nemi izini in taho da wuri, Gwaggo ta iso da jakarta za ta kwana, Baba kuma ya aika an faɗaɗa masa takalminsa na fita don ya tarbi baƙi a tsaye.

Na ɗauka faɗa masa shi ne mai wuyar. Ga wayar Umma nan tana shigowa karo na uku, kuma duk gidanmu ni kaɗai na san babu mai zuwa gobe.